Kaurin Ɗan Yatsa a Ƙafar Hagu

Litinin, 14 ga Oktoba, 1991

Yau ma an sauke wasu daga Ikko. Tirela biyu na kabad da fayil, da sababbin mata huɗu a ɗakinmu na tafireta. Wai kafin ƙarshen shekara gwamnati ɗungurungum za ta tare a Abuja. To Allah ya kawo su lafiya. Mu da aka tarar a nan dai ba wanda ya ce mana sannu.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Takalmin Madam Sandra ne, shugabar ɗakinmu. Tun tana ƙasan bene ake jin ta, ƙwas, ƙwas, sai ka ce an saki doki a kan siminti. Ta shigo, sai ga ta a kan katako. Katako fa! Tudunsa ya kai faɗin tafin hannuna, an buga masa fata a sama da ƙusoshi masu ƙyalli. Rita, mai tebur kusa da nawa, har da dafe ƙirji. Wai daga Landan aka kawo, wai yayin shekarun saba'in ne ya dawo.

Na leƙa da kyau. Dangarafai ne. Allah ya sani dangarafai ne, irin waɗanda Baba ke sassaƙa wa matan ƙauyenmu saboda lakar damina, sai dai wannan an shafa masa mai an ba shi sunan Turanci.

Ina aji ɗaya a makarantar kwana na tafi da nawa a ƙafa, sababbi fil. 'Yan ɗaki suka yi ta dariya har da faɗuwa kan gado: "Bagwariya ta zo da turame a ƙafa!" Washegari na jefa su a masai. Da na dawo hutu na ce wa Baba sace su aka yi. Yau kuma ga shi an tashi tsaye ana tafa wa turame.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bayana na ciwo, gefen hagu kamar kullum. Rita ta ce ina tafiya a karkace kamar motar da taya ɗaya ta sace. Na yi dariya don kada ta ga ta same ni.

Me ta sani? Tun ina shekara shida nake ɗaukar itace da doya a kafaɗa. Mu Gbagyi ba ma ɗora wa kai kaya, kai sarkin jiki ne. Amma a ofis rungumar fayil nake yi a ƙirji kamar kowa, ko da hannuna zai tsinke.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Katakon Landan ya tsage! Madam ta zurma a kwalbatin da ba a rufe ba a gaban ofis. Ta shigo da ɗaya a hannu tana ɗingishi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Daɗin bai kwana biyu ba.

Na dawo daga kasuwa da hantsi, sai ga Fijo a ƙofar gidanmu a Kado. Madam Sandra a tsakar gida, a kan kujerar tsugunno ta Mama. Ashe ta kai takalmin wurin Sabo, badukun nan na kasuwar Wuse, ya ce mata shi fata ya sani, katako sai masassaƙi, kuma duk yankin nan ba kamar Baba Yamusa. Sabo ya san Baba tun tsohon ƙauye. Da bakinsa ya ja mana.

Tana ganina ta daka tsalle. "Ah, Rose! Wannan Baba naki ne? Kin ɓoye mana!" A Sabon Garin Kano ta tashi, tana jin Hausa irin tasu.

Baba yana juya tsagaggen takalmin a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya shinshina. Ya ce, "Wannan itace ɗanye aka yanka. Mai shi yana sauri." Madam ta yi ta dariya. Daga nan ta fito da abin da ya kawo ta. Ranar da shugaban ƙasa zai tare, sha biyu ga Disamba, matan ofis za su yi anko su yi liyafar maraba. Tana son ƙafa goma sha biyu irin wannan. Baba ya sassaƙa, Sabo ya sa fata.

Ni ba na cikin sha biyun. Ba a ma tambaye ni ba.

Ina jiran Baba ya ce a'a. Shekara biyar ke nan bai taɓa gizago ba, tun rasuwar Mama. Yana rataye a bango har ya yi tsatsa. Da safe ya fito ya zauna, da la'asar ya matsa inuwa, shi ke nan rayuwarsa. Fasto ya yi magana, dangi sun yi, ni na yi har na gaji.

Sai na ga ya ɗaga kai ya kalli gungumen maɗacin da muka taho da shi daga tsohon gida.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin yau ba.

Bari in rubuta don kada wata rana in ce ban tuna ba. Maɗacin nan a tsakiyar gidanmu na dā yake, a gindinsa Mama ke sussukar dawa. Ranar da katafila ta zo ita ta kayar da shi. Inda ɗakinmu yake yanzu kwalta ce a Wuse, nakan tsallaka ta kullum in zan shiga bas. Da aka kawo motar kwashe kaya, Baba ya bar gadon ƙarfe a baya don gungumen ya sami wuri. Maza takwas suka ɗora shi. Mama ta yi ta faɗa a kan gadon, shi kuwa ya ce, "Wannan turmin Rosi ne, ranar aurenta."

Aurena da Philip a Ista ne. Saura wata shida.

Na ce masa, Baba, turmina fa? Ya ce ba wani busasshen itace mai kyau a kusa, duk an ture an ƙone. Ya ce zai rage.

Zai rage! Daga ƙafa goma sha biyu, hagu da dama. Sun cinye gona, sun cinye gida, yanzu itacen da ya saura ma za su taka shi da ƙafa su yi rawa.

Talata, 29 ga Oktoba

Ya sauko da gizago. Da asuba ƙarar dutsen wāshi ta tashe ni. Na ja zane na rufe kai.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An sa zarto. Ban fita ba. Ƙamshin itacen ya biyo ni har ɗaki, ƙamshin tsohon gida sak. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar rubuta shi.

Philip ya zo da yamma, ya ce ai turmi ana sayarwa a Mararaba, manya-manya. Na kalle shi har ya sunkuyar da kai. Namiji ke nan.

Amma Baba ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Rabon da in ga haka na manta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Yanzu na zama 'yar aike. Madam ta sa kowacce ta taka takarda, Rita ta zana ƙafafunsu da fensir, aka naɗe aka ba ni in kai. Ni da na yi shekara uku ina buga wa ofishin nan takardu ba kuskure, yau ni ce mai ɗaukar sawun mutane a jaka.

Rita ta kawo mujalla tana nuna mini Turawa a kan katako. Ta ce, "Rose, kin ga, babanki ya zama dizaina." Na ce masassaƙi ne.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ranar banza. Oga ya dawo mini da wasiƙa sau uku a kan waƙafi ɗaya, bas ta lalace a hanya, na iso gida a gajiye. Na tarar da Baba ya shimfiɗa takardun nan a ƙasa ya danne da duwatsu, ya tsura musu ido.

Ya ce, "Rosi, takarda bai faɗa mini komai ba. Ban ga tafiyansu ba. Gobe ki tambayi Madam, matan Ikko a wane kafaɗa suke ɗaukan kaya?"

Ka ji fa. In je gaban matan nan, masu jan farce da turare, in ce wai babana na tambaya a wace kafaɗa kuke ɗaukar itace? Su sami abin dariya har sabuwar shekara?

Na ce, "Hagu, Baba. Kamar kowa." Na wuce ɗaki.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Sassaƙa, sassaƙa, sassaƙa. Tsakar gida ta cika da ɓarɓashi, kaji na tono a ciki. Tsofaffin unguwa sun fara zuwa suna zama wurinsa, ana hira ana dariya kamar dā. Jiya na ji shi yana waƙa da yarenmu.

Ban kalli ko ƙafa ɗaya ba. In zan wuce ta wurin nakan kau da kai. Ya kira ni sau biyu in zo in gani, na ce ina da wanki.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Abin da ya rage na gungumen bai kai gwiwata ba. Ko turmin daka yaji ba na jin zai yi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Sabo ya zo ya kwashe su a buhu biyu. Ya ɗaga ɗaya yana jinjinawa, ya ce, "Baba, hannun nan bai tsufa ba." Baba ya yi murmushi ya sa hannu a aljihu, kamar ba shi ake yaba wa ba. Har ya tambayi Sabo ko akwai wasu matan da ke so.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ga abin da ya faru yau. Bari in bi shi daki-daki.

Lokacin hutun rana Sabo ya kawo su ofis. Madam ta sa an ɗauko Baba a mota don a gode masa, ya zo da rigarsa ta coci. Aka ture tebura. Gaskiya sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ja-ja-wur suna sheƙi, jar fata a sama. Matan suka yi ta ihu, kowacce na neman mai sunanta.

Suka saka. Suka miƙe.

Rita ce ta fara takawa. Taku uku ta dafa tebur. Madam ta biyo, tana tafiya kamar mai tsallake kunya a gona, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Mata goma sha biyu, duk sun karkace dama, duk suna ɗingishi iri ɗaya. Masinja ya leƙo ya koma da gudu yana toshe baki.

Madam ta cire ta haɗa gindinsu a kan tebur. Na hagu ya fi na dama da kaurin ɗan yatsa. Ta ɗauki wata ƙafar, haka. Wata, haka.

Ta juya kan Baba. "Baba, mene wannan? Ba ka da ido ne? Ko awo ba ka iya ba? Sha biyu duka ka ɓata!" Ta ci gaba da Turanci, gara da bai ji ba. Ni na ji. Ta ce laifinta ne da ta kai aikin birni daji.

Baba ya tsaya da hularsa a hannu. Ya ce a hankali, "Madam, na hagu ne ai. Ƙafa da yake ƙarƙashin kaya shi ne yake nutsewa, sai a ƙara masa."

Ba wadda ta gane. Ni kaɗai. Haka yake yi wa matan ƙauyenmu tun kafin a haife ni, yana kallon yadda mace ta sunkuya da kaya ya ƙara wa ƙafar da ta gaji. Na san haka. Na manta ne, ko ban so in tuna ba.

Ya kalle ni sau ɗaya. Na sunkuya ina gyara kirtanin tafireta da ba abin da ya same shi.

Sabo ya ce a ba shi kwana biyu a kankare na hagun su daidaita. Madam ta ce ba ta so, ta gama da katakon ƙauye, za ta buga waya Ikko a sako mata na kanti a jirgi. Aka mayar da su buhu. Ba a mai da Baba a mota ba, bas muka shiga. Shi ya ɗauki buhu ɗaya, ni ɗaya. Haka muka iso Kado.

Wace irin mace ce za ta tsaya gaban tsoho, sa'an ubanta, ta ce masa ba shi da ido?

Asabar, 7 ga Disamba

Ya mayar da gizago bango.

Lahadi, 8 ga Disamba

Bai je coci ba. Bai ci tuwo ba, sai kunu kaɗan. Tsofaffin sun zo sun tarar ba hira, sun watse.

Na ce masa ai ana iya kankarewa a sayar wa wasu. Ya ce, "A bar su. Idona ya tafi, Rosi. Madam ya faɗi gaskiya."

Duk yinin nan ina zagin Madam a zuci, ina zagin Sabo da ya nuna mata gida, ina zagin Ikko da masu katafila. Na zagi har 'yan ɗakinmu na makaranta. Na ƙare kowa, saura mutum ɗaya.

Talata, 10 ga Disamba

Na faɗa masa.

Da safe ne, kafin in fita. Na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, Baba, idonka lafiya lau. Ban tambayi Madam ba. Kunya na ji, da haushin turmina, na huce haushin kaza a kan dami. Matan Ikko ba sa ɗaukar kaya a kafaɗa, ko hagu ko dama. Tun da bakina ya buɗe, na haɗa da dangarafaina na makaranta ma, na ce ba sace su aka yi ba.

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ma ya yi.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya ce, "A kai suke ɗauka?"

Na ce a'a.

"Ba kai, ba kafaɗa?"

Na ce ba sa ɗauka sam.

Da gaske yake neman ya gane. Ya ce, "To wa yake ɗauka musu?"

Na miƙe na fita. Bas ta kusa wuce ni.

Alhamis, 12 ga Disamba

Sun tare. Jiniya tun safe, tutoci ko'ina, 'yan makaranta a bakin titi cikin rana. An ce daga yau nan ne babban birni. Na tsaya a kan kwaltar da ta bi ta ɗakinmu ina jira ayari ya wuce kafin a bar mu mu tsallaka.

An yi liyafar. Na kantin sun iso, roba ce aka yi wa fentin katako. Ni aka sa ɗauko akwatunan lemo daga mota zuwa bene na biyu. A na uku hannuna ya gaza, na duba ba kowa a matakala, na ɗora a kafaɗa. Ko nauyinsa ban ji ba.

Baba yana nan yadda na bar shi.

Litinin, 16 ga Disamba

Igiyar takalmina ce ta tsinke da safe, ina shirin fita. Shi ya sa. Ba wani dalili. Na cocin kuma yana matse ni.

Buhunan na bayan ƙofa. Na zazzage, na sami wanda ya yi mini, na Rita ne ma. Na ce daga nan zuwa bakin titi kawai, in na ga mai gyara in canza.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Na miƙe, sai na ji kamar an sauke mini wani abu da ban san ina ɗauke da shi ba. Na taka zuwa ƙofa. Na dawo. Na sake takawa. Bayan nan nawa da ke cizona tun ina budurwa ƙarama ya yi tsit.

Na wuce mai gyaran takalmi har biyu ban tsaya ba. Sauri nake.

A bene aka ji ni tun daga ƙasa, ƙwas, ƙwas. Na shiga ɗaki. Madam ta sauke tabarau ta bi ni da ido har na zauna. Ta ce, "Rose, ba wannan ne mai karkata ba? Ya aka yi ke kina tafiya daidai?"

Na ce, "Na masu kaya ne, Madam. Baba bai ɓata ba."

Ta mayar da tabarau. Da oga ya aiko a kai masa fayil, na tara su na ɗora a kafaɗa na bi baranda a gaban kowa. Rita ta buɗe baki, na kalle ta, ta rufe.

Da la'asar na shigo layinmu, Baba na zaune a ƙofar gida. Tun daga nesa na ga ya daina kallon ƙasa. Ba fuskata yake kallo ba, ƙafafuna. Na iso na gaishe shi, bai amsa ba. Ya ce, "Koma. Sake zuwa."

Na koma har gindin mangwaro na sake tahowa, maƙwabta na kallo.

Ya ce, "Wannan ba naki ba ne. Naki ya fi yatsa ɗaya, kin fara ɗauka da wuri." Ya miƙo hannu. "Cire na dama. Shiga ki sauko mini da abin nan."

Na sauko masa da gizagon. Na tsaya da ƙafa ɗaya na dafa bango, yana kankare dunduniyar a hankali, yana hurawa, yana dubawa. Ya ce gobe in gaya wa matan zumunta na coci su zo ɗaya-ɗaya, kowacce da kayanta a kafaɗa, yana son ya ga tafiyarsu.

Maganar turmi ban tayar ba. Philip ya je Mararaba in yana so.

Har yanzu ina cewa yayin banza ne, kuma nauyi gare su, ga ƙara. Na goge su na ajiye a bakin gado, don kada in yi ta nema da safe.